Injin Ajiye Muryoyin Mutanenmu

Shekarar da muka baro ƙauyenmu na wajen Ruma muka dawo Batsari, yawancin mutane ba su fito da komai ba sai tufafin jikinsu da waya. A wayoyin nan akwai hotunan suna da na biki, akwai saƙonnin murya na waɗanda ba a sake gani ba. Waya kuwa ba ta da alƙawari, yau ta faɗa rijiya, gobe memorinta ya ƙone. Da yake ni ke buga takardu a ofis, kowa ni yake kawo wa tasa. Sai na ƙudurta haɗa inji a gida wanda ba shi da aiki sai ajiya.

Na samo tsohuwar kwamfutar tebur daga Katsina. Ram ɗinta ƙarami ne, wato ɗan sillen da inji ke ɗora aiki a kansa kafin ya rubuta a faifan ajiya. Na sayi wani a kasuwa na ƙara. Ya shiga raminsa daram, injin ya tashi, na kama kwafe wayoyin jama'a.

Wata ranar Juma'a Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta zo. An ɗauke mijinta a hanyar gona, har yau ba labari. Abin da ya rage mata shi ne saƙon da ya aika wa ɗansu ana gobe abin zai faru. Na shimfiɗa mata tabarma, na kunna saƙon da na riga na kwafe a injin. Ya yi sallama, ya tambayi gida, ya fara maganar taki. Nan muryar ta karye, ta koma wani gurnani mai tsawo kamar ana jan ƙarfe a kan dutse, sannan ta dawo tana maimaita kalma ɗaya.

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Kashe, ɗan nan," ta ce. "Wannan ba shi ba ne."

Bayan ta tafi na duba sauran. Hoton maƙwabcinmu ya fito, daga haɓa zuwa ƙasa toka-toka, ba jiki. A wayoyin kuwa komai lafiya lau. Injina ne ke lalata mutane.

Na ɗauke shi a mota zuwa wurin wani mai gyara a Katsina. Ya zare sillayen biyu ya jera su a tafin hannunsa.

"Malam, shiga rami daban, dacewa daban," ya ce. "Gudunsu ba ɗaya ba, kuma wannan sabon ma yana da ciwo. Tare za mu duba lambar allon cikin injin, wanda ake soka ram a kansa, mu ga irin wanda yake karɓa."

Muka duba. Ashe allon na karɓar irin ram ɗin da ke kama kuskurensa ya gyara da kansa. Muka nemo guda biyu iri ɗaya, gudu ɗaya. Muka sa faifai biyu masu jure aiki ba hutu, duk abin da aka rubuta a ɗaya sai ya shiga ɗayan. Na zaɓi masu cin wuta kaɗan saboda solata ƙarama ce. Ya bar injin yana gwada kansa har la'asar kafin ya sallame ni.

Na sake kwafe komai. Gwaggo ta daɗe ba ta dawo ba. Ran da ta zo, muryar mijinta ta fito sarai. Ya ce, "Ina kwananku?" Ta ce, "Lafiya lau, Malam." Ya tambayi yara, ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya, har da wanda aka haifa bayansa. Na fita na tsaya a zaure.

Da kaka wani Bafulatani daga wajen Tsaskiya ya yi mini sallama. Ya kwance bakin rawaninsa ya ciro ɗan memori. Ya ce bidiyon garkensa ne a ciki, da ƙaninsa yana tafe a bayan shanun. Na miƙa hannu zan buɗe.

"A'a, kada ka kunna," ya ce. "Ka dai ajiye."

Na ajiye. Bai sake zuwa ba, ni kuma ban taɓa buɗewa ba.