Abin da Unaisi Ta Ɗauka Sanyin Kogi Ne

Tun tana budurwa Unaisi take nitso a kogin Rewa tana ɗebo ƙumba, 'yar halittar nan mai ɓawo da ake cin namanta, ran Asabar ta kai kasuwar Nausori. Sana'ar uwarta ce, gadonta ta yi ba don tana so ba. Da safe mata za su tura kwale-kwale, su shiga ruwa har wuya suna laluben laka da ƙafa, sai rana ta take su fito yatsu duk sun yamushe. Zanin jikinta ba ya bushewa sai yamma.

Shi ya sa duk abin da ya fito mata ta gaba, kogi take ɗora wa laifi. Akwai mai zuwa tsakiyar wata, garau mai yauƙi, ba wari ba ƙaiƙayi. Wannan uwarta ta ce na kowace mace ne. Bayan ta haifi 'yarta Torika sai wani ya zo, fari mai kauri kamar kindirmo, da ƙaiƙayin da ke hana ta zama a bencin coci. Nas ɗin ƙauye ta ba ta maganin cusawa ta gaba, ta ce ta riƙa sauya jiƙaƙƙun kaya da wuri, ta daina wanke cikin gabanta da sabulu. Ciwon ya tafi, ya dawo, ya sake tafiya.

Na gaba da shi kam ba na kogi ba ne. Mijinta Epeli ya dawo daga saran rake a Labasa, ba a jima ba ta fara ganin ruwa ɗorawa-ɗorawa mai ƙarni, fitsari na yi mata zafi. Nas ta ce wannan sai su biyu sun sha magani. Epeli ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ya fice wurin maza. Ta ajiye masa ƙwayoyin kusa da kofin shayi, ta koma kwana cikin yara har sai da ta ga ya shanye. Har ya rasu ba wanda ya tayar da zancen.

Ta haura hamsin, al'ada ta daɗe da ɗaukewa, sai ga wani sabo. Tsinkakke ne kamar ruwan wankin nama, wani lokaci da ɗigon jini, ga wari, ga ƙugu yana sara. Ta ce sanyi ne dai. Ta dafa ganye ta zauna a ciki, ta yayyaga tsohon zani tana ƙunzugu. Zuwa asibiti na nufin barin ruwa yini guda, da layi, da buɗe jiki gaban nas ɗin da ba ta wuce sa'ar 'yarta ba, ita kuwa ta gaji. Ta daina zama kusa da mutane.

Litiana, taubashiyarta, ita ta lura. Wata rana suna dawowa ta ce, "Ke tsohuwar ƙaguwa, me muka yi miki kike raɓewa can ƙarshen jirgi kamar amarya?"

Unaisi ta ce ba komai. Da sauran mata suka sauka, Litiana ta tsare ta a bakin gaɓa, ta daina dariya. Da ƙyar Unaisi ta faɗa mata.

"Jini, bayan kin gama al'ada?" in ji Litiana. "Maman Torika, wannan ba na ganye ba ne. Gobe ba ruwa, ni zan kai ki."

Unaisi ta so ta yi gardama, ba ta da ƙarfin yi. Washegari nas ta duba ta, ta tura su babban asibiti a Suva. Can aka ɗebi ɗan nama a bakin mahaifa, aka ce su dawo. Suka yi ta zirga-zirga a bas, Litiana na riƙe da ƙunshin dafaffen rogo tana tsokanarta, ita tana kallon taga. Daga baya likita ya ce ciwon daji ne, amma bai bazu ba, za a cire mahaifar. Ya tambaye ta tun yaushe take gani. Ta ce tun kafin Kirsimeti, ba ta faɗi wace Kirsimetin ba.

Aka yi aiki, ta tashi. Torika ta riƙe ta a gidanta na haya a Suva, amma hayaniya ta ishe ta, ta koma ƙauye. Ta gwada shiga ruwa sau ɗaya, ƙafafunta suka ƙi.

Yanzu a kasuwa take wuni, tana kasa ƙumbar da Litiana da 'yan mata suka ɗebo, tana yayyafa mata ruwa kada ta bushe. In ranar komawa asibiti ta zo takan yi ta ƙunƙuni, amma tana zuwa. Da azahar, in ciniki ya lafa, sai ta jingina da buhun gwazar maƙwabciyarta ta ɗan runtsa.