Tulun da Bashir Ya Bari a Gidana

Shekara tara ke nan da rasuwar Bashir, Allah Ya jiƙansa. Wasu abubuwan sun fara dishi-dishi a kaina, don haka ba zan rantse a kan komai ba.

Jami'a ɗaya muka yi a gida, muka kuma sake haɗuwa a Madina. Ni ina aikin ofis a wani otal kusa da Harami, shi da digirinsa na zane yana yi wa silin ado a wani shago a unguwar Sultana. Mutane sun fi sonsa a kaina, ina jin ba sharri na yi wa kowa ba in na faɗi haka. Ko mai shayi shi yake fara zuba wa.

Ya taɓa sayo wani tsohon littafi a Jidda game da Moche, wata tsohuwar al'umma ta ƙasar Peru. Sukan gina tulu da siffar mace da namiji a halin kwanciya, su binne shi tare da mamatansu. Masu tace littattafai sun bi hotunan da baƙin tawada, ba abin da ya tsira sai ƙafafu da mariƙin tulun mai kama da likkafa. Bashir ya samo yumɓu wajen wani magini a kwarin Aƙiƙ, ya ce zai gina abin da aka rufe.

Na ce, "Bashir, a Madina fa muke."

Ya ce, "Ustazu, kai rufe idonka. Ni hannu kawai nake amfani da shi."

Ya gina kuwa. Ba batsa a ciki yadda na yi tsoro: mutum biyu ne cikin mayafi ɗaya, macen ta waiwayo tana dariya.

Bayan rasuwarsa da shekara biyu na auri matarsa, Hauwa. Tulun ya zo cikin kayanta, a naɗe a tsohon mayafin harami, yana saman kwaba har yau. Da na kwance shi na ga tsaga uku a gefen idon macen, irin na Hauwa. Mai yiwuwa ba komai ba ne, don an ce su Moche ma suna zane a fuska. Na ɗauko littafin in gwada, amma fuskar tana ƙarƙashin tawada.

Na ce mata ajiye siffa a gida bai dace ba.

Ta ce, "To ka fasa mana, Abu Usama. Hannunka ciwo yake?"

Ban fasa ba. Ban kuma taɓa ganin ta yi mini irin dariyar macen tulun ba, ko da yake wataƙila ban lura ba ne.

Yanzu na ji ana gina irin waɗannan tuluna da hannu ana sayar wa masu yawon buɗe ido, hotunansu kuma suna intanet ba tawada. Da yana raye, ina zaton zai duba ya ce nasa ya fi. Ni ban duba ba. Ina tsoron in tarar matansu ba su da tsaga.

Abin da ya rage na Bashir bai fi tulun nan ba, amma ya ishe shi zama a ɗakina.

Akwai waɗanda suka zauna da mu a Sultana. Duk inda na yi kuskure a gyara mini ta hannun edita. Musamman wanda ya tuna lokacin da aka gasa tulun, ya faɗa mini ko kafin Bashir ya san Hauwa ne ko bayan nan. Na tambaye ta, ta ce ta manta.