Guduma da Burduddugi

Yayana mai faci ne, kuma duk titinmu ba wanda ke kiransa da sunansa na gaskiya, sai Guduma. Ba a banza ya ci sunan ba. Tun muna yara hannunsa ya fi bakinsa sauri. Ya taɓa zubar wa direban tifa haƙora don kawai ya taka masa tiyon iska. Ya taɓa danna kan wani kwandasta cikin bahon ruwan da yake gwada tub ɗin taya, sai da maza suka taru suka ɓamɓare shi. Ni da nake ɗinki a shagon da ke kallon rumfarsa, na gaji da jefar da almakashi ina rugawa rabon faɗa.

To wannan ƙaton, wai kwaɗi yake kiwo. Kwaɗi fa, jama'a!

Abin ya faro ne wata damina da ya tsinci wani ɗan kore a bakin bahon nan, yatsunsa kamar an shafa musu danƙo. Maimakon ya make shi, sai ya sa shi a gwangwani. Daga nan likafa ta ci gaba. Ya samo mataccen firij ya kwantar a bayan rumfa, ya zuba ƙasa da duwatsu da ruwa, ya rufe da raga. Nan korayen suke, suna manne a jikin bango. Ƙozo kuwa, mai kaushin fatar nan, tsohuwar taya ya ba shi, don shi ba ya son jiƙa sosai, kuma kare ya kuskura ya cafke shi sai kumfa a baki. Akwai wasu shafaffu a cikin duro waɗanda ba sa fitowa daga ruwa sam. Wani direba ma ya taɓa kawo masa wata halitta daga nesa, siffar ƙadangare amma fata laushi da danshi irin ta kwaɗo. Zafi ya kashe ta, Guduma ya wuni bai ci abinci ba.

Mutumin da ke cin tuwo, kai, kowane irin abinci, da baƙin mai a hannu, sai ka ga yana dirje yatsu da ruwa zalla kafin ya taɓa su. Ya ce da fata suke shan ruwa, da ita suke numfashi, ɗigon sabulu ko fetur ya isa ya gama da su.

Matsalar ita ce, ƙaninmu Auta wankin mota yake yi, kuma rumfa ɗaya suke rabawa. Auta akwai tsokana, bakinsa ba ya shiru.

"Yaya, waɗannan 'ya'yan naka ba sa wanka ne? Bari in ɗan kumfa musu sabulu."

"Gwada ka gani," in ji Guduma.

Na sha jan kunnensa. Na ce, "Kai Auta, ka san halin mutumin nan." Sai ya yi dariya ya ce ai Yaya ba zai taɓa shi ba.

Ana nan Guduma ya samo burduddugi, wato ƙaton kwaɗon nan mai faɗin baki, ya kai tafin hannunsa cika. Da farko a bokiti yake. Da bokitin ya tsage, sai ya juye shi cikin firij wurin korayen. Na leƙa na ce, "Yaya, wannan basamuden da waɗannan 'yan mitsi-mitsin?" Ya harare ni. "Ke me kika sani ban da zare? Ba duk kwaɗi ba ne? 'Yan gida ɗaya ne."

Sai korayen suka fara raguwa. Yau babu wannan, jibi babu wancan, kuma raga a rufe. Guduma ya daina yi wa Auta magana, sai dai kallo.

Ran da abin ya faru, da hantsi ne, titi cike da mutane. Guduma ya ɗaga raga ya tarar ɗan koren nan na farko, wanda ya fi so, babu shi. Ya duba ƙasa, ga kumfar wankin Auta ta gangaro har gindin firij.

"Kai Auta! Ina ɗan korena?"

Auta na tsugune yana wanke tayar wata mota, ko waiwayowa bai yi ba. "Na soye shi na karya kumallo, Yaya."

Wayyo bakin nan! Kafin in tashi daga kan keken ɗinki, Guduma ya shaƙo wuyansa ya buga fuskarsa a jikin motar, gilashin fitila ya tarwatse. Ya sake bugawa. Auta ya faɗi, ya ɗaga hannu yana cewa, "Wasa nake, Yaya, wallahi wasa nake!" Ina! Guduma ya riga ya suri ƙarfen ɓare taya, ya sauke masa a hannun. Ƙarar da hannun nan ya yi, har yau tana kunnena. Na ɗare bayansa ina cizo ina ihu, ya watsar da ni kan injin iska. Sai da mahauci da masu walda suka danne shi. Jini ya gauraye da kumfa yana bin kwata.

Aka kwashi Auta zuwa asibiti. Ni na tsaya neman takalmina, sai na ga Guduma ya koma gaban firij yana huci, ya ƙame. Na matsa na duba. Burduddugi na zaune a kan dutse hankalinsa kwance, ƙafar wani kore na reto a gefen bakinsa. Ya runtse idanu, suka nutse cikin kansa, ya haɗiye. Ƙafar ta shige.

Na ce, "Ga ɓarawonka nan. Allah ya isa, Yaya!"

Guduma ya zura hannu wurin burduddugin. Ya ciro shi ya ɗora kan kututturen faci, ya yi ta sauke masa ƙarfe har ba a gane kai da ƙafa.

Da yamma ya biyo ni asibiti. Auta na kwance, fuska a kumbure, hannu a naɗe. Likita ya riga ya gaya mana yatsun ba za su ƙara damƙar komai ba. Guduma ya tsaya a bakin gado, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Auta, ashe burduddugin ne. Na kashe shi. Na ragargaza shi, tambayi yayarka."

Auta ya buɗe idon da ke buɗuwa, ya dube shi ya daɗe.

"Shi ai bai san 'yan'uwansa yake ci ba, Yaya. Kai ka san ni."

Sannan ya juya fuska bango ya ce da ni, "Fitar min da shi."

Na kama hannun rigarsa na ja. Ƙaton nan ya biyo ni har waje ba gardama, ya zauna a kan dakali, mutane na ratsa shi suna wucewa.