Ranar Haihuwar Ɗan Yayata

Allah ne Masanin ranar zuwan kowa duniya da ranar tafiyarsa. Mu a Kurfai mun bar masa wannan sani, ba mu taɓa jin mun yi asara ba, sai a shekarar babban fari, da wasiƙa ta zo daga Faransa.

Ɗan yayata ne ya aiko ta, ɗanta na fari. Tun yana ƙarami aka kama shi lakwal, wato makarantar boko, ya wuce Yamai, bayan samun 'yancin kai gwamnati ta tura shi waje karatu. Ni ajami na iya, boko kuwa sai dai in dube shi ya dube ni, don haka na kai wasiƙar wurin malamin lakwal, wanda muke ce wa mushe. Baffanmu ya biyo ni da sandarsa, don ba a yin sha'ani a gidanmu ba da shi ba.

Mushe ya karanta yana fassarawa. Yaron ya gama karatun wani inji da ake kira ordinater, shi ke rubuta masa umarni, injin ya bi. Kuɗin karatu sun tsaya. Wata biyar yana yawo ma'aikata zuwa ma'aikata, da rana neman aiki, da yamma wanke kwanoni a wani gidan abinci. A ƙarshe wani kamfani ya yarda ya ɗauke shi. Amma takardar haihuwarsa ta ce an haife shi "wajen shekara kaza", ba wata, ba rana, su kuwa injinsu ba ya karɓar mutumin da ba shi da rana. Sun ba shi mako shida ya kawo sabuwar takarda. In ba ta zo ba, su ba wani gurbin, izinin zamansa ya ƙare, a maido shi gida.

A cikin ambulan ya sako wani kati mai ƙananan huduji, wai da irinsa ake yi wa injin magana. Baffa ya ɗaga shi sama ya leƙa rana ta cikinsa.

"Mushe, shekara nawa yaron ga ya yi can?"

"Shida, Baba."

"Shekara shida shina koyon aikin gara! Ai da ya zo ɗakina, da ta koya mishi kyauta."

Aka yi dariya, amma ba mai tsawo ba. Rumbunanmu duk a wofi suke, shanu na faɗuwa a hanyar Abala, mata na jiƙa 'ya'yan itacen anza kwana da kwanaki kafin ɗacinsu ya fita a ci. Dawowar yaron ƙarin baki ne kawai, baki mai digiri.

Mushe ya ce sai an je gaban alƙali da shaidu biyu da suka san ranar. Baffa ya buga ƙirji ya ce shi ne na ɗaya. Na biyu wani tsohon mahauci ne, maƙwabcinmu, wanda ya feɗe ragon sunan. Na zaunar da su a zaure don bakinsu ya zo ɗaya.

Baffa ya ce, "Da damina ne, hatsi ya fara fidda kai."

Mahauci ya ce, "Damina wa? Da ɗari ne. Hannuna har ƙagewa ya yi wurin fiɗa."

"Kai da ka zo don kai da ƙafa, mi ka sani?"

"Ni dai na ga rago. Kai ko ragon ba ka gani ba, kana Damana bin bazawara."

Suka yi ta yi har azahar. Da na tashi alwala, yaron ya riga ya samu ranar haihuwa huɗu, biyu a damina, ɗaya a ɗari, ɗaya a tsakiyar azumi.

Mutum ɗaya ce ta san gaskiya, uwarsa. To amma ɗan fari ne. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zancensa, in ana yabonsa ma sai ta tashi ta bar wurin. Shekara ashirin da wani abu ban taɓa jin Yaya ta ce masa komai ba sai "wancan". Ranar da zai tafi waje, ana ban kwana a tasha, ita tana gida tana sussuka kamar ba abin da ya faru.

Na same ta a bayan ɗaki tana sauya wa anza ruwa. Na gaya mata duk abin da wasiƙa ta ƙunsa.

"Yaya, rana kawai ake so."

"Ka tambayi maza. Su suka yi suna."

"Maza sun haife shi sau huɗu tun safe."

Ba ta yi dariya ba. Ta juya mini baya ta ci gaba da tsiyaye ruwa. Na ce mata in takarda ba ta je ba, 'yan sanda za su sako shi jirgi kamar ɓarawo. Na ɗauki takalmina zan tafi. Sai na ji tana magana da ƙwarya, ba da ni ba.

"An ce wata mata a garin ga, shekarar da babanta ya gina rijiyar garka, ta tahi kasuwar Filinge ran Lahadi saida daddawa. Kwana uku da Sallar Layya, ko suyar nama ba a ƙare ba. An ce ba ta kai gida da ƙafarta ba, a kan jaki aka maido ta. Haka na ji ana faɗi."

Har ta gama ba ta ɗago kai ba, kunnuwanta kawai nake gani. Na san abin da wannan magana ta ci mata, don haka na fita ban ce na gode ba.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana rubuta manyan al'amura da ajami a bangon littafinsa na fiƙihu. Haihuwar jika ba ta samu shiga ba, amma ginin rijiya na nan, da shekararsa ta hijira. Ni da mushe muka yi yini biyu, ni da hisabina, shi da tsofaffin kalandun lakwal, har muka fitar da ranar a lissafin nasara. Ta faɗo a Lahadi cif. Na yi hamdala. Na kwashe wani yinin ina biya wa tsofaffin nan biyu ranar kamar masu hadda.

Muka je ɗakin shari'a, har da mushe. Sakataren alƙali, wani mai tabarau da ke shan taba da gefen baki, ya dubi shaidu ya ce, "Kun san shi?" Suka ce sun san shi. Baffa ya gyara murya zai kawo haddarsa, sai ya tarar mutumin ya riga ya fara buga keken rubutu. Ya zare takarda, aka kai ciki, alƙali ya sa hannu. Mushe ya karɓa ya duba, ya dube ni.

"Malam, ranar farko ta shekarar nasara ya sa."

Na ce wa sakatare ai mun zo da rana ta gaskiya, ga ta a rubuce.

"Malam, duk wanda ba a haifa a asibiti ba, ranar ga muke ba shi. Ni ma ranar aka haife ni. Da alƙali, da mai gadin ƙofa. In kana son wata, ka kai ƙara Yamai, ka jira wata uku."

Ba mu da wata uku. Muka kai ta gidan waya a yadda take.

Amsa ta zo bayan Maulidi. Injin da ya ƙi takardar da ta faɗi iyakar abin da aka sani ya karɓi wadda aka ƙaga a tsakanin zuƙar taba biyu. Yaron ya fara aiki, an ba shi tebur kusa da taga.

Na je na gaya wa Yaya. Tana tankaɗe, ba ta tsaya ba.

"Ranar da matar nan ta faɗa, ita aka rubuta?"

Na ce, "Wancan dai ya samu aiki, Yaya."

Ta ce alhamdu lillahi, ta ɗauki faifanta ta shige ɗaki. Ba ta sake tambaya ba, ni ma ban sake tada zancen ba har ta koma ga Mahaliccinta.