Hannun da Ya Hana Ni Cire Takunkumi

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji uku, aka kwantar da ni a bayan motar da za ta kai mu Nguru daga Gashua, kaina a kan cinyar kakata, ƙirjina na shiga yana fita kamar zugazugin maƙeri. Kwana huɗu kafin nan lafiyata lau. Mun wuni muna korar tsuntsaye a gonar shinkafar Baba, muka faɗa kogi da wandunan makaranta, ruwan sama ya same mu a hanya. Daga tari sai zazzaɓi, daga zazzaɓi sai numfashi ya gagara. Likitan garinmu ya ce ciwon ya kama huhu, a wuce da ni babban asibiti.

Kaka mahaifiyar Babana ce, Babadiya ce a ƙabila, daga ƙauyen Dagona, mai sana'ar bandar kifi. Zanenta kullum ƙamshin hayaƙi yake. "Maigida" take kirana, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce na sake ta sai ta ba ni kan tarwaɗa. Innata tana da jariri a goye, shi ya sa Kaka ta biyo ni.

A ɗakin kulawa ta musamman aka ɗaura mini takunkumin roba, ya rufe hanci da baki, igiyoyinsa suka zagaya ƙeyata. Wani inji yana turo iska da ƙarfi, ko ina so ko ba na so. Ji nake kamar an danna kaina cikin ruwa. Na fizge shi, injin ya yi ƙara, aka mayar, na sake fizgewa. Nas ɗin ta ce sai dai a ɗaure hannuwana a jikin gado da bandeji. Kaka ta ce, "Ba akuya ba ne, 'yata. Ni zan riƙe shi."

Kwana uku tana riƙe da ni. Na yakushe ta, na harbe ta da ƙafa. Ƙishirwa ta dame ni, ina nuna kofi da ido, ita kuwa sai ta jiƙa auduga ta shafa mini a leɓe in an ɗaga takunkumin. Tana yi mini magana da Badanci, yarensu, wanda ban iya ba, hannunta bai saki ba.

Da aka cire takunkumin a rana ta huɗu, maganar da ta fara fita daga bakina ita ce, "Ke muguwa ce." Ta yi dariya, ta ce Alhamdulillahi, murya ta dawo. Amma ni da gaske nake. Muka koma gida na daina amsa sunan da take kirana. In ta miƙo kifi sai in kau da kai. Ranar da za ta koma Dagona na ɓuya a bayan rumbu har motar ta tashi. Ba a kai ga yankan shinkafar shekarar da ta biyo baya ba ta rasu.

Sai da na girma Innata ta gaya mini abin da likita ya faɗa wa Baba a lokacin: in takunkumin bai zauna ba, sai an sa ni barci an zura mini bututu ta maƙogwaro, kuma ba ya son a kai ga haka. Ta ce a zaune Kaka ta yi sallolinta na kwanakin nan, kuma ta fi wata guda ba ta iya ɗaukar tulu saboda kumburin wuyan hannu.

Yanzu in na kai yarana asibiti, nas kan durƙusa ta bayyana wa yaro abin da za a yi masa kafin a taɓa shi. Ni ba wanda ya sami sararin yi mini bayani, kowa ta ceton raina yake. A lokacin ina da shekara takwas, ban san bambancin mai riƙe ni da mai cutar da ni ba. Na sani yau, sai dai babu wadda zan faɗa wa.