Allurar da na tanadar wa jegon Auta

Na daɗe ina sallah a kan kujera kafin babban ɗana ya kai ni wurin likitan ƙashi. Ya ɗaga hoton gwiwata ya ce guringuntsin ya cinye, ƙashi ne ke gugar ƙashi. Ya ce akwai allurar da ake yi a cikin gaɓar, amma ba ta warkarwa, sauƙi take kawowa na ɗan lokaci, kuma ba a yin ta a kai a kai.

Na ce, "To likita, a ajiye mini ita tukuna."

Ya yi dariya. "Baba, sai ka ce kayan miya?"

Na gaya masa dalili. Auta ce kaɗai mace a cikin 'ya'yana, tana aure a wani ƙauye bayan Guri, ga ta da cikin fari. Za ta zo gida ta haihu, ni zan yi mata wankan jego kamar yadda tawa uwar ta yi mini. Wankan jego kuwa ba aikin mai kujera ba ne. Sai ka durƙusa ka hura wuta tun da sassafe, ka sauke tukunya, ka tsaya a kan mai jego da ganyen darbejiya a hannu.

Haka na haƙura da ciwon har damina ta yi nisa, watan haihuwarta ya matso, sannan na je aka yi mini. Kwana kaɗan na ji kamar an sauya mini ƙafa. Ranar da goshina ya taɓa ƙasa a sujada sai da na yi hawaye. Na daka yajin jego da kaina, na surfa gero, na sayi kanwa, na jera itace a bayan ɗaki har maigidana Malam yana cewa ko gidan biredi zan buɗe.

Sai kogi ya cika ya yi ambaliya. Ruwa ya shanye hanyar garinsu, mota ba ta shiga, babur ma ba ya shiga. Mijinta ya bugo ya ce ba zai sa mai tsohon ciki a kwalekwale ba, kuma gaskiyarsa. A can ta haihu, namiji.

Na ce wa Malam ni zan je, tunda masu kifi suna fitowa kullum a kwalekwale.

Babban ɗana ya riga shi magana. "Inna, ke da ko tudun ƙofa sai an riƙe ki?"

"Ai yanzu ƙafar ta saki."

"Ta saki a tsakar gida. Ki bari ruwa ya ja, kwana nawa ne?"

Malam ya ce maganar yaro gaskiya ce. Ni kuma ban saba ja da su ba, sai na ce Allah ya kai mu. Har yau ina ganin da na ƙara faɗa ko sau ɗaya, da sun bar ni.

Ruwan bai ja da wuri ba. Na zauna da lafiyayyar ƙafa ina share tsakar gidan da na riga na share, ina zagaya maƙwabta barka da ta'aziyya. Uwar mijinta ce ta yi mata wankan, mutuniyar kirki, ba ni da abin cewa a kanta sai godiya. Itacen nan da shi muka yi ta dafa tuwo.

Lokacin da hanya ta buɗe an riga an yi arba'in, gwiwar kuma ta fara komawa gidan jiya. Auta ta zo ta yi ƙiba, ta yi kyau, aka ɗora mini yaron a cinya ina kan kujera. Can da yamma ya kama kuka yana miƙa, na gane ciki ne ke murɗa masa. Na buɗe baki zan gaya mata abin da ake yi, sai na ga ta ɗauki waya ta kira uwar mijinta.

"Hajiya, ya sake irin na rannan fa. Me kika ce a yi masa?"

Na ci gaba da jijjiga shi har ta gama sauraro, sannan na miƙa mata shi.