Kwalekwale a Saman Gida

Autana direba ne a gidan wani Balarabe mai jirgin ruwa a Jidda, irin wanda iska ke turawa. Bara maigidan ya sa shi zaɓo ƙaramin kwalekwalen da zai riƙa kai mutane gaɓa daga babban jirgin. Shi autan ne zai tuƙa, mutumin da aka haifa a unguwar Kudai a nan Makka, bai san ruwan da ya wuce na bokiti ba.

Sai ga shi da wata roba a naɗe kamar tabarma. Ya hau saman gidanmu, ya hura mata iska, ya zauna a ciki a tsakiyar Makka.

"Umma, duba, ba nauyi, har bayan mota yana shiga."

Ban yi makaranta ba, amma a kwalekwalen katako aka sauke ni bakin tekun nan na Jidda ina yarinya, tabon duwatsunsa na nan a ƙafata har yau. Na ɗauko basillar ɗinkin buhu, na nufi robar.

Ya yi tsalle ya tare ni. "Haram, Umma! Zai fashe!"

Na ce, "Au, ashe ka sani? Basillar tsohuwa kake tsoro, ba dutsen teku ba? Ni kuma in zauna a kawo min hularka?"

Washegari ya mayar da robar, ya karɓo mai gindin ƙarfe. Da ya nuna min hotonsa a waya, na ce saura ya koyi iyo.